Mai Shela

Lawandi ya turo murya daga ƙasar da ya je karatu.
Ya ce, Kawu, yau an rufe gari.
Dusar ƙanƙara ke sauka tun la'asar ɗin jiya,
hukuma ta yi shela ta wayar kowa:
mai mota ya janye ta daga bakin titi kafin isha,
in ya ƙi, a ja ta, a ci shi tara.
Ba makaranta, ba kasuwa.
Manyan motoci masu baki irin na garma
suna ture farin abin gefe,
wasu na biye suna watsa gishiri.

Gishiri!
Sai da na sake kunna muryar.
Gishirin da Ladidi ke aunawa da murfin kwalba,
shi ake zuba wa hanya ta lasa.

Na yi dariya, dariyar ta tsaya a wuya,
don ni ma sana'ata ke nan.
Shekara goma sha ɗaya lasifikar nan na hannuna,
batirinta ɗaure da ƙyauron roba,
a ƙauyenmu, gabas da Auyo.

Namu ba fari ba ne, ɗana, ka sani.
Namu launin kunun kanwa ne,
ba ya sallama, kuma ya fi son dare.
In an buɗe dam a can sama,
kwana uku ne tsakaninmu da shi.
Dagaci ya ce, Hambali, fita.
Na fita, ko takalmi ban nema ba.

Jama'a, ana gaishe ku! Ruwa na tafe!
Mai buhu ya kawo buhu,
mai shebur ya kawo shebur,
mai amalanke ya ɗauro shanu.
A kwashe gero daga rumbu.
A kai tsofaffi firamare, can kan tudu!

Mu ba mu da tara, sai kunya.
Wanda bai zo jinga ba,
gobe ba zai iya haɗa ido da kowa a masallaci ba.

Mun kwana cika buhu da hasken tocila,
sauro na karɓar zakkarsa.
Samari sun shiga har wuya suna saran kacalla
don kogi ya sami hanyar wucewa.
Baba Ilu ya ce ba inda za shi,
wai na bara ma a dokin ƙofa ya tsaya.
A kan ƙyauren ɗakinsa muka ɗauke shi,
yana zaginmu, yana rungume da rediyonsa.

Da asuba mutanen ƙetare suka aiko:
jingarku ce ke turo mana ruwa.
Ban sami amsa ba.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
To, in ruwan ne ya kama shi fa?

Shinkafar fadama ta tafi a waccan shekara.
Gidaje bakwai sun zauna.
Ba mu binne kowa ba,
wannan kaɗai nake ƙirgawa.

Yanzu na danna wayar, ina ba shi amsa.
Lawandi, tambaya biyu gare ni.
Wanda wayarsa ba caji, wa ke zuwa ƙofarsa?
Sannan in farin nan ya narke,
ai ruwa ne, dole ya gangara.
Su wa ke zaune a ƙasanku?
Akwai mai gaya musu?

Ka sa safa biyu.
Kada ka fita sai sun ce a fita,
na san zafin yin shela a ƙi ji.

Ni zan leƙa gindin tsamiya,
wurin sandar da muka kafa.
Jiya saura yatsa huɗu ruwa ya taɓa zanen.
Ladidi ta ce yau saura uku.