Motoci Huɗu a Garajin Damagaram

Ni ne Mati. Shekara talatin da ɗaya
ina kallon motocin garin nan ta ƙarƙashin ciki.
Baƙin mai ya cike layukan tafina,
har sabulu ya sallama.

Ta farko gazuwal take sha.
Giwa muka sa mata.
In ta taso daga Zango za ta Birni
tari take kamar tsohon da ya ƙi barin taba,
mata su ruga su kwashe shanya.
Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba:
inda ke mata ciwo, nan take kuka.
Shekarar da mai ya yanke
ta kwanta kwana goma sha tara,
har kaza ta yi kwanci a kujerar baya.

A nan Laminu ya zo mana,
takarda naɗe a hammata,
ya ce man gyaɗa ma wuta ne in an tace.
Muka yi dariya. Muka tace.
Wallahi ta biyu ta tashi!
Ta ratsa Kasuwar Dole tana ƙamshin ƙosai,
yara na bin ta da yunwar da ba su fito da ita ba,
masu azumin nafila suka kawo ƙara.
Wata huɗu ta yi tana yawo.
Sai Gwamma mai ƙuli-ƙuli ta tare ni a ƙofa:
"Kwalbar mai ta ninka kuɗi, Mati.
Mota za ta ci ko 'ya'yana?"
Na sosa ƙeya.
Sanyin asuba ne ya raba gardama,
man ya daskare a bututu kamar kakide,
muka wayi gari muna fifita gawayi a gindin tanki.

Ta uku gas ce,
tukwane shida jere a kan rufi.
Wata tsohuwa 'yar Garin Malam ta leƙa sama, ta ja baya,
ta ce ita ba tuwo ba ce da za a ɗora ta kusa da murhu.
Tsahiru direba ya hana kunna ashana,
ya rasa rabin abokan hirarsa.
Tafiyarta sumul, hayaƙinta kaɗan.
Wani ɗan ƙarfe ne ya kashe ta,
bai kai ƙwallon dabino ba.
Muka aika wasiƙa ƙasar da aka ƙera ta.
Tantabaru sun yi jikoki a tsakanin tukwanen,
amsa tana hanya.

Ta huɗu ga ta can, shuɗiya.
Ba ta shan komai da za a zuba a jarka.
Ranar nan da ke gasa duwatsun Birni,
wadda muka tsufa muna yi wa tsaki,
ita ke cika mata ciki daga rufin garaji.
Makon farko ta wuce Malam Nomau sau uku.
Makaho ne, da kunne yake tsayar da mota,
ita kuwa tafiyar mage gare ta.
Ni na ɗaura mata ƙararrawar akuya a hanci.
Gyaran da na yi mata ke nan, duka-duka.

Jikata Baraka ke duba lafiyarta
da allo mai haske a kan cinya,
ta tashi aiki farcenta fari.
Na tambaye ta, in batir ya tsufa ina za a kai shi?
Ta yi shiru irin wanda na yi wa Gwamma.

Jiya na shiga, na biya kamar kowa.
Na kafa kunne a bangonta don in ji inji.
Ban ji ba.
Sai muryar wata mata, kujera uku a gabana,
tana faɗa wa ƙanwarta farashin garwar ruwa,
da ƙararrawar nan,
tana kiran Malam Nomau.