Ƙafa a Gaba

Shekara talatin da huɗu ina ungozoma a Sneek,
keke ne ƙafata.
Ƙarfe uku na dare, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
jaka a baya, fitila tana rawa a kan gada,
sau biyu kawai jariri ya riga ni isa.

Bara likita ya ɗaga hoton wuyana ga haske,
ƙashi biyu sun cinye juna.
In na duƙa kan keke minti goma
sai yatsuna su mutu,
ba na jin birki, balle ƙararrawa.

A ƙasar da yaro ke tuƙa keke kafin ya iya ɗaura takalmi,
ni Tjitske, mai sittin da takwas,
na shiga shagon Auke Bosma ina neman a koya mini hawa.

Ga kekunan kishingiɗa nan a jere,
kamar kujerun asibiti da suka gaji da ɗaki.
Na nuna wani ja, siriri, cikinsa kusan a ƙasa.
Auke ya girgiza kai.
"Wannan na masu gaggawa ne.
Fedarsa ta fi kujera tudu,
abin juyawa yana ɓoye a ƙarƙashin cinya.
Kafin ƙafarki ta sami ƙasa
kafaɗarki ta riga ta."

Ya turo mai taya uku. "Wannan ba ya kayar da kowa."
Na ce ƙofar rumfata ƙarama ce.
Gaskiya ne, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba.
Ya gane, ya yi shiru.

Daga can baya ya jawo wani kore, dogo,
na hannu, fenti ya ɗaye a gefen sarƙa.
Kujerar raga ce mai jingina a miƙe,
feda tana ƙasa inda tafin ƙafa zai sauka ba shawara,
abin riƙo a gaban ƙirji, inda hannu ya san hanya.
"Dogon keke haƙuri gare shi," in ji shi,
"ba ya firgita in kin firgita."

Filin ajiye motoci, bayan kantin cuku.
Giya mafi sauƙi.
"Ki ba kujera bayanki duka.
Kada ki shaƙe ƙarfen, riƙe shi kamar ƙwai.
Ki dubi hasumiyar coci, ki bar gwiwarki ta yi aikinta.
Takun farko da ƙarfi."

Na taka.
Shingen ganye ya karɓe ni hannu bibbiyu.
Wasu ’yan makaranta suka wuce, ba su ko riƙe kan kekensu ba.

Da ya sunkuya yana cire mini ganye daga gashi
na ga kunnensa na hagu, mai ɗan lanƙwasa.
"Bosma na gonar da ke bayan madatsa?
Uwarka Sietske?"
Ya ce i.
Daren ƙanƙara ne, wuta ta ɗauke,
na yi awa shida a durƙushe,
domin yaron nan ya ƙi zuwa da kai.
"Kai ai da ƙafa ka shigo duniya," na ce.
Ya yi dariya har sifana ta faɗi daga aljihunsa.
"To kin ga, ana isa."

Karo na huɗu ban san lokacin da ya saki ba.

Bai rage ko sisi ba, nan ba a ciniki.
Madubi dai ya ɗaura mini kyauta,
da tuta mai ruwan lemo don direbobi su gan ni.

Yanzu in na bi kan madatsa
shanu ido cikin ido muke gaisawa,
ina ganin cikin dinya in garkensu ya wuce sama,
iskar teku kuma ta rasa ƙirjin da za ta tura.
Kwanar gadar nan ta kusa da gida har yau tana gagara ta.
Sai in sauka, in ja shi, in sake hawa.