Mai Ƙirga Matakala

Ƙarfe shida saura kwata nake sauka bakin ruwa.
Matakala goma sha ɗaya ne, na dutse.
Yau tara na samu.
Biyu kogi ya haɗiye cikin dare, ko sallama bai yi ba.
Na rubuta a littafi: Talata, tara,
ƙanƙarar kan duwatsu ta fara narkewa.

In ka hango Dravnik daga kan gada, kifi ne kwance.
Kansa a arewa, inda dogayen benaye suke,
masu tagogin gilashi da ba a buɗewa.
Wutsiyarsa a kudu, gidajen masunta,
sun jingina da juna kamar tsofaffi a layin asibiti.
Mu kuwa a cikin cikinsa muke:
Layin Burodi, Layin Maƙera da ba sauran maƙeri,
da lungun da Zdenka ke shanya zannuwan gado
daga wannan baranda zuwa waccan,
taragon lantarki ya wuce ya kaɗa mata su.

Lambu ya zagaye mu kamar ɗamara.
Benci arba'in da biyu, na san kowanne da tabonsa.
Na bakwai na Milorad ne da Ljubo,
shekara ashirin suna buga ces a kansa,
ba a taɓa jin wanda ya amsa an ci shi ba.
Ljubo ya rasu bara, a tsakiyar sanyi.
Har yau Milorad na jera 'ya'yan gefe biyu,
ya motsa nasa, ya naɗe hannu,
agwagi na zagaya takalminsa suna jiran ɓawon burodi.

Laraba bakwai. Alhamis shida.
Juma'a da asuba huɗu suka rage,
na kaɗa ƙararrawar da ke rataye a rumfa.
Mutanen benaye, da ba su san sunan maƙwabci ba,
suka sauko da takalman roba sababbi fil.
Masunta suka hauro da hannuwa kamar ɓawon itace.
Kowa ya kama ƙafar benci, sai tudu.
Likitar haƙori da mai ɗinkin raga a benci guda,
suna haki, suna gardamar wa ke jan wa.

Milorad ya ce kada a taɓa na bakwai.
Wasa bai ƙare ba, in ji shi, Ljubo ne da motsi.
Ruwa na lasar ciyawa, taku biyar tsakaninsu.
Muka yi cirko-cirko.
Sai Tijana, 'yar Zdenka, mai shekara tara,
ta zauna a gefen da ba kowa,
ta ɗaga doki ta dire shi inda bai dace ba.
Tsohon ya dube ta, ya dubi dokin.
“Haka shi ma yake yi,” ya ce, “ɓarna da gadara.”
Ya miƙe, ya tallabi allon da hannu biyu
kamar kwanon miya cike,
muka bi shi da bencin a baya.

A kan tudu ta tambaye ni
me ya sa muke shuka fure inda ruwa ke zuwa kowace shekara.
Na ce filin nasa ne, aro ya ba mu,
mai aro kuwa ba ya ɓata rai ran da aka zo karɓa.
Ta ce wannan ba amsa ba ce.
Ban musa ba.

Kwana goma sha uku kogi ya yi yana zaune a lambu,
ya kwanta a wurin lilon yara, ya leƙa rumfata.
Da ya tashi ya bar mana laka har idon sawu,
da takalmi ƙafa ɗaya, da ƙaramin kifi a kwandon shara.
Muka shiga da shebur.

Yau na sauka, na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Goma sha ɗaya, na ƙarshen da santsi.
Benci arba'in da biyu, duk sun koma mazauninsu.
A ƙasan shafi na ƙara abin da ba a tambaye ni ba:
Tijana ta ci wasa ɗaya jiya da yamma.
Milorad ya ce rana ce ta shiga idonsa.