Littafin Bashin Tabawa

Ƙarƙashin dalbejiya, daura da ƙofar majalisa a Sinja,
nan na kafa murhuna shekara tara.
Daga Mai Wurno nake biyo motar asuba
da gawayi, da citta, da kofuna goma sha biyu.
Ɗaya ya tsage baki,
shi nake miƙa wa wanda bai gaishe ni ba.

Yau wata huɗu kasafin kuɗin jiha na kwance a ciki
kamar gawar da dangi suka ƙi yi wa wanka,
kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara ɗebo ruwa.

Masu alamar tsani sun ce sai gada.
Masu alamar fitila sun ce sai asibiti.
Ba gadar suke ƙi ba,
bara su suka zana ta,
laifinta ɗaya, bana daga bakin wasu ta fito.

Da hantsi ina jiyo su ta taga,
ana dukan tebur kamar ana sussukar dawa.
"Ba mu yarda ba!"
"Mu ma ba mu yarda ba!"
Iyakar abin da suka haɗu a kai ke nan.
Sai a ɗage zama. Sai inuwata ta cika.

Ustaz Dafa'allah na tsani, jabana ba sukari,
likita ya hana.
Jibo Haruna na fitila, shayi da madara, cokali uku.
Benci ɗaya gare ni, a kai suke zama,
gwiwa na gugar gwiwa,
wannan na ba wancan lambar bakaniken kirki.
In mai ɗaukar hoto ya gifta
sai kowa ya juya wa kowa ƙeya.

Sannan su ce, "Tabawa, rubuta."
Wai alawus bai fito ba, sai an sa hannu,
alhali hannun da ake jira
shi ne riƙe da kofina.

Can gida injin ban-ruwan ƙanena ya yi shiru,
man da aka yi alkawari yana shafi na arba'in.
Bahar na wucewa taku goma daga gonarsa,
albasa ta sunkuyar da kai kamar mai neman gafara.
Lantana ungozoma ta karɓi tagwaye da hasken waya.
Malamin lissafi na gasa agashe a tasha,
ɗalibansa ke ba shi canji.

Ni dai na rubuta.
Duk faɗin Sinja babu wata takarda
da tsani da fitila suka kwana shafi ɗaya
ba wanda ya fice cikin fushi
in ba littafin bashina ba.

Jiya mai gawayi ya ce ya gaji.
Mai sukari bai ce komai ba, ya rufe sikeli.
Sai na kira majalisata:
ni, da buta, da murhu.
Ba a daki tebur ba.
Kafin ruwa ya tafasa mun zartar.

Yau da suka fito na zuba musu ruwan zafi zalla.
Dafa'allah ya leƙa kofi. "Ina gahawar?"
Na ce tana gaban kwamiti.
Jibo ya ce, "To sukarin fa?"
Na ce an ɗage zamansa sai bayan damina.

Suka yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya.
Na buɗe littafin, na aza a benci tsakaninsu,
jimla a ƙasa, biro a kai.
Na ce kowa ya sa hannu, ya san nasa.

Dafa'allah ya dubi Jibo.
Jibo ya dubi Dafa'allah.
Ganyen dalbejiya ya faɗo a kan shafin.

Ruwan ya huce.
Motar la'asar ta yi mini ƙaho sau biyu, ta wuce.