Kunnen Nomau

A lakwal ɗin Bilbis an ce ba ni da kai.
Mushe Illiyasu ya rubuta da jan alƙalami:
"Yana zaune, amma ba ya nan."
Gaskiya ya faɗa. Ina can bayan katanga
ina bin kukan injin niƙan Tsahara
da ya shaƙe tun hantsi,
ina mamakin yadda aji guda bai ji ba.

Yayyena biyu suka hau motar Abijan,
ɗaya ya aiko rediyo, ɗaya ya aiko hoto.
Ni aka kai ni kantin kawu in riƙe lissafi.
Wata bakwai ina zubar da dala-dala,
sukari ya ƙare, bashi ya ruɗe,
har ya ce, "Yaro, hannunka rariya ne."
Na yarda.
Wanda aka daɗe ana kira jaki
wata rana da kansa zai nemi mangala.

Ran Lahadi kasuwar Tawa ta cika.
Wani tsoho daga bakin ruwan Tabalak
ya sauke injin ban-ruwa a rumfar Arzika.
Suka kwance, suka ɗaure, suka sake buji,
ya tashi, ya yi tari, ya mutu.
Ina tsaye da buhun gishirin da aka aike ni,
sai bakina ya riga ni:
"Iska yake sha ta ƙasa. Ku duba roba."
Yaran gareji suka tuntsire.
Arzika bai yi dariya ba.
Ya sa yatsa ya zaro ta,
tsagaggiya kamar diddigen manomi,
ya dube ni tun daga takalmi har hula.
"Gobe ka zo da rigar da ba ka so."

Kada wani ya ce kunne ya ishe ni.
Shekara huɗu ina wankin noti a kwanon fetur,
na ƙone babban yatsa, farce bai komo ba.
Na kashe injin wani bawan Allah a tsakiyar rani,
albasarsa ta kwanta, na san buhu nawa ne,
har yau in na bi ta garkarsa
sai in sauka daga babur in gaishe shi.
Arzika ya ce, yana goge hannu da tsumma,
"Kunne ya nuna maka ƙofa.
Hannu ne zai koyi buɗe ta,
kuma hannu ba ya son gaggawa."

Yanzu waya ke riga zakara tashe ni.
Daga Galmi, daga Tamaske, daga bayan Keita:
"Nomau, saurara," sai a kara ta jikin inji.
Ina kwance, ido rufe,
ina jin inda ƙarfe ke ciwo.
Wani in faɗa masa magani daga shimfiɗa,
wani in ɗaure akwati, in bi jar hanya.

Ban gina bene ba. Rumfata kwano shida ce.
Littafin bashi yana hannun ɗiyata Habsu,
wadda ba ta raba kukan inji da na akuya,
amma dala ɗaya ba ta taɓa ɓace mata ba.
Ban ba ta sifana ba. Na saya mata alƙalami.

Abin da nake jira kullum ƙarami ne:
in ja igiya, ya karɓa,
tiyo ya kumbura, ya yi atishawa,
ruwa ya faɗa kwami na fari.
Mai garka ya daina magana.
Ni ma haka.
Mu tsaya mu biyu, laka har idon sawu,
muna jin ƙasa tana sha.