Ranar da Kolea Ta Tashi

Shekara goma sha tara makullan nan na kugu na.
Kafin ƙararrawa, kafin motar yara,
filin na mu uku ne: ni, tsintsiya, da tsuntsuwa ɗaya.
Kolea ake ce mata. Siririyar ƙafa,
taku uku ta tsaya, taku uku ta tsaya,
kamar wadda ta yar da ɗan kunne a ciyawa.

Afrilu ya shigo, ruwan sama ya ja da baya,
ƙirjinta ya yi baƙi wuluk.
'Yan aji uku sun san fassarar wannan:
ta kusa tashi zuwa Alaska,
kwanaki bisa teku, ba reshe, ba masauki.
Malama Nakasone ta manna takarda a bango,
kowa ya rubuta ranar da yake zato.

Ansito bai rubuta ba.
Watansa biyu da zuwa daga tsibirin Cuk,
harshen aji bai zauna a bakinsa ba tukuna.
In an fita tara, yana bakin famfo
yana kallon tsuntsuwar.
Baƙo ya san baƙo.

Ran Laraba suka shiga fadamar gwaza bayan ɗakin girki,
taɓo har gwiwa, ihu har kan dutse.
"Laulima," in ji Malama, "hannu da yawa."
Ni da zan wanke baranda bayansu
na ce ƙafa da yawa dai, na ɗauko bokiti.
Sai ga su shida, ba wanda ya aiko su,
sun karɓe tsumma daga hannuna.
Ƙara ɓata wurin suka yi.
Ban faɗa musu ba.

Jajibirin ɗaya ga Mayu ake shirya sarƙar fure.
Napua ta zo da leda cike taf,
tagwayen Agbayani da kwali a ka.
Su Ansito a hawa na huɗu suke,
bishiyar ƙofarsu turken lantarki ce.
Ya shigo hannu a aljihu.
Kaka Leimomi, mai doguwar allura,
ba ta dubi hannun kowa ba.
Ta dire daro a tsakar ɗaki, ta ce a juye.
Fari, rawaya, ruwan hoda suka cakuɗe.
"To, wa zai nuna min nasa?"
Shiru.
"Ku ɗiba."

Tasa ta fito a karkace, da giɓi biyu.
Allura ta soke shi sau uku,
ya tsotsi yatsa ya ci gaba.

Da sassafe na hango shi tsakar fili
riƙe da ita a tafi biyu.
Ciyawa, raɓa, tsohuwar ƙwallo.
Babu kolea.
Ta tashi ba sallama, yadda ta saba.

Ya daɗe a tsaye. Ni ma na daina shara.
Sai ya juyo da kalma huɗu,
mafi tsawon zancen da na taɓa ji a bakinsa:
"Kawu, za ta dawo?"
Na ce a watan Agusta.
Wannan filin, wannan kusurwar,
ban taɓa ganin ta ɓata hanya ba.
Ya yi ɗage, na sunkuya,
gwiwata ta yi ƙara,
ya rataya mini.

Aka yi kiɗa, aka yi rawa, iyaye na ɗaga wayoyi,
na kwashe kujeru ɗari biyu da ƙamshi a wuya.
Kafin yamma furen ya yi yaushi.
Ba a jefa irinsa a kwandon shara,
na maƙale shi a reshen da ke kan famfo.

Jiya na je share aji uku.
An juya takardar bango, an sa mata sabon kai:
Ranar Dawowa.
Sunan farko da manyan baƙaƙe masu rawa,
harafin S ya ba sauran baya.