Ƙarfe Nawa a Wurinka?

Nefa ta ɗauke wuta bayan isha'i,
janareta ya yi tari sau uku kafin ya kama.
Suwici takwas na asibitinmu a Yawuri suka farka,
kowanne da nasa lokacin a baki.
Na ɗakin magani ya ce tsakar rana ce,
na ɗakin haihuwa ya koma shekarar da ba a haife ni ba,
na ofis ya yi gaba da minti bakwai
kamar mai sammakon kasuwar da ba ta ci ba.

Sista Barira ta leƙo:
"Nafi'u, ina ne ya fara yankewa?"
Na buɗe kundinsu ina nema.
Shaidu takwas gaban alƙali,
kowa ya rantse, babu maƙaryaci,
amma wa ya riga wa faɗuwa? Oho.

Sai na kifa bokiti na zauna,
kwamfuta a cinya, shuɗin kebul a hannu,
sanyin ɗakin yana cin yatsuna.
Ina bin su ɗaya ɗaya da saƙo guda:
kada ka amince wa ƙirjen zuciyarka,
ga adireshin wanda za ka tambaya.
Shi ma wurin wani ya karɓo,
wancan daga tauraron ɗan'adam,
salsala ce, kamar ta karatu.
In ya ba ka, ƙara awa ɗaya,
nan gabar Kwara ce.

Kakana Tanko ladan ne a tsibiri.
Da ƙafa yake auna inuwa,
diddige bin yatsa, har ta cika.
Ko ta cika ba ya kira,
sai ya jiyo murya daga ƙetaren ruwa.
Na ce, "Kaka, inuwarka ƙarya take?"
Ya ce, "A'a. So nike gari shi yi sahu guda."

Suwici ba ya gaskata amsar farko.
Ya tambaya, ya jira, ya sake tambaya,
ya lissafa daɗewar amsa a hanya,
sannan ya gyara taku a hankali,
kamar mai fito yana karkata jirgi.
Na bakwai ya ƙi, ya yi kunnen ƙashi.
Na zage shi a zuci rabin awa,
ashe ni na rubuta tara a gurbin shida.

Biyar saura takwas suka haɗa baki,
har daƙiƙa, har abin da bai kai daƙiƙa ba.
Na naɗe kebul, na fito.
Ladanai sun fara, wannan na bin wancan,
kwaɗi na nasu a fadama.
Na duba agogon hannuna, na marigayi babana:
minti uku yake baya.
Na kai yatsa, na fasa.